Wai ana ƙarancin matuƙa jirgi, to me ya zaunar da ƙanena a gida?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Dan Allah masu harkar jirgi ku warware min wannan. Ƙanena ya gama kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, ya karɓi laisin ɗinsa na CPL, wato na tuƙin jirgin kasuwanci, gida muka sayar da fili aka biya masa, yanzu ya kai takardu kamfanoni har ya gaji ba wanda ya kira shi, amma kullum sai in ji a labarai wai duniya na neman matuƙa ido rufe. Ƙarya ake mana ko akwai abin da bamu gane ba? Kuma in ya samu ƙaramin kamfani ya karɓa, ko ya jira babba?

Kujerar Dama:
Wslm ɗan'uwa. Ba ƙarya bane amma ba irin ƙaninka ake nufi ba. Wanda ake rububi shi ne kyaftin mai dubban awoyi a kan jirgin da kamfani yake da shi. Mai sabon CPL yana fitowa ne da wajen awa 200 na tuƙi a sama, shi kuma babban laisin ATPL, wanda kyaftin ɗin jirgin fasinja ke riƙewa, sai awa 1,500, tsakanin nan ne yara suke maƙalewa. Sannan CPL kaɗai ba zai sa ka a 737 ko Embraer ba, kowane jirgi da horonsa daban wanda muke cewa retin, yawanci a waje ake yi kuma da dala, tunda naira ta zube a 2023 abin ya ƙara nisa. Ga gwajin lafiya da sabunta laisin, kana zaune ba albashi amma kuɗi na fita.

Hajiya Ummu Sadiq:
Ni dai Malam shawarata kar ku sake sayar da komai ku biya retin sai akwai takardar ɗaukar aiki a hannu. Ɗan yayata ya yi haka da bakin alkawari kawai, kamfanin ya ajiye jiragen, retin ɗin ya tsufa a aljihu. Allah ya buɗa masa.

Tsohon Kyaftin:
Yaro ya karɓi duk abin da ya samu, ko mai farfela ne, awoyi ake tarawa ba suna ba. Amma ya karanta yarjejeniya da kyau, in kamfani ya biya maka retin zai ɗaure ka shekaru, ka tafi kafin lokaci ka biya su, kuma ba laifinsu bane don sun sha horar da yara suna ganin sun tsallaka zuwa Dubai ko Doha. Maganar sauya kamfani kuma ba ɗaya bace ko'ina. A Amurka lambar shigarka kamfani, wato wa ya riga wa shiga, ita ce komai, hutu, albashi, hanyar da za ka tashi, ranar da za ka hau kujerar hagu ta kyaftin, kana sauya kamfani ka koma ƙarshen layi ko da furfura, shi ya sa suke rige-rigen shiga babban kamfani da wuri su zauna har ritaya a shekara 65. Kuma su tun bayan hatsarin jirgin kamfanin Colgan na 2009 suka ɗaga sharaɗi zuwa awa 1,500 har ga mataimakin kyaftin. Na Larabawa kuwa kwantiragi ne, kuɗi akwai, amma babu ƙungiyar ma'aikata da za ta tsaya maka, a 2020 lokacin korona an sallami mutane da yawa a can.

Ɗan Fagge:
Na gode ranka ya daɗe. To kafin aikin ya samu me zai yi kar hannunsa ya mutu?

Tsohon Kyaftin:
Ya nemi shaidar koyarwa, malamin tuƙi yana tara awa kuma ana biyansa. In bai samu ba ya shiga sashen tsara tashin jirage na kowane kamfani, in za a ɗauki mataimaka na cikin gida ake fara ji.