Ina Faransawa suka fara kafa mazauni a ƙetare?

Ɗalibi daga Illela:
Assalamu alaikum, malamai. Duk ranar da na tsallaka Birnin Ƙonni nakan ga allunan shaguna da Faransanci, sai in ɗauka a Afirka Faransawa suka soma mulkin mallaka. Shin haka ne?

Malami daga Sakkwato:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sun fara ne da nahiyar Amurka. A 1564 sun gina sansani a Fulorida, Sifaniyawa suka rusa shi a 1565. Wanda ya ɗore shi ne Kebek, a ƙasar Kanada ta yanzu, da Samuel de Champlain ya kafa a 1608 domin cinikin fatun dabbobi, kuma cikin mutum 28 da suka yi hunturun farko a can, takwas kaɗai suka kai bazara, saboda cutar rashin ɗanyen abinci da ta rufar musu.

Dattijo daga Wurno:
Allah ya ƙara sani, Malam. Kada a manta da tsibiran Matinik da Gwadalub na yankin Karibiyan da suka mamaye a 1635, inda rake ya jawo cinikin bayi. Gare ni, nan ne abin ya fi muni. A Afirka kuwa, sai a 1659 suka kafa Sanlui a bakin kogin Senegal.