Abin da 'yan keken Jidda suka faɗa wa ƙanena

Bayan sallar isha'i muka zauna da 'yan tseren keke na unguwarmu a Jidda, don ƙanena, ɗalibin jami'a, zai shiga kakar tserensa ta farko.

Da maganar zafin gari aka fara. Daga Yuni zuwa Satumba, atisaye sai da asuba ko cikin dare. Lokacin sanyi ne na tsere, shi ya sa gasar ƙwararru ta AlUla, wani gari a arewa maso yammacin Saudiyya, take faɗowa farkon shekara. A ɗauki gora biyu, ɗaya da ɗan gishiri da sukari, a riƙa kurɓa tun ƙishi bai zo ba. Da azumi a sassauta, a hau bayan tarawihi.

An fi daɗewa a kan tafiya cikin ayari. Wani dattijo ya ce wa ƙanena, ɗana, wanda ya lafe a bayan wani yana adana kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, domin na gaba ne ke tsaga iska. Ya gwada masa da hannu: ido a kafaɗar na gaba, kada tayarka ta shiga gefen tasa, kada ka danne birki kwatsam. Da dattijon ya ɗaga wando na ga tabon gwiwarsa, jikina ya yi sanyi.

Suka ce mai son ƙarfin hawan tudu ya nufi duwatsun Ɗa'ifa, wadda ta haura mita 1,800.

An yi gardama kan keke mai tsada. Ni dai ina bayan masu cewa a fara da hular kwano mai kyau da fitila. Makon jarrabawa kuwa, duk sun ce ya jingine keken.