Kilomita 10 ko 21? Saura sati 5, ku ba ni shawara

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum yayyena. Wata 4 ke nan da shigata kulob ɗin masu gudu a nan Zinder. Ina fita futin, wato gudun motsa jiki, sau 3 a sati bayan asuba, mafi tsawon da na taɓa yi kilomita 12 ne a hanyar Mirya, cikin awa 1 da minti 14. An buɗe rajistar tseren gari, akwai na kilomita 10 akwai na 21. A wanne zan sa sunana? Tambaya ta biyu, baskit ɗina, wato takalmin gudu, ya cinye ta gefen dunduniya, kuma jaka 15 ce a hannuna, cikinta zan biya rajista. In sayi wani ko in lallaɓa da shi?

Yaya Mai Koko:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai ka kula da cikinka. Daren tsere ka ci shinkafa ko tuwo da miya marar yaji, ban da wake, ban da kilishi. Da asuba, awa 2 zuwa 3 kafin a tashi, koko kofi ɗaya da burodi da dabino 3 sun isa. Fura da nono ka bar ta sai an gama, tana zama a ciki ta yi ta kaɗawa.

Tsohon Soja:
Yaro, rubuta 21. Wanda ya yi 12 zai yi 21, sauran zuciya ce.

Koci na Zango:
Baba, da girmanka, zuciya ba ta gyara jijiya. Ƙanena, lissafa da kanka. Gudunka minti 6 da daƙiƙa 10 ne a kowane kilomita. A 21 ba za ka riƙe wannan ba, ka ɗauka awa 2 da minti 20 ko fiye. Daga Zinder zuwa Mirya wajen kilomita 18 ne, wato ka isa Mirya ka ƙara 3. Kafin mutum ya shiga irin wannan ana so ya yi dogon gudu na 16 zuwa 18 ko da sau 2 ne, kuma sati na ƙarshe na hutu ne. Sati 4 ke gare ka ke nan. In ka yi tsalle daga 12 zuwa 18 cikinsu, numfashi zai iya ɗauka, amma ƙashin ƙwauri da jijiyar agara ba sa saurin sabawa kamar huhu, nan ciwon ke fitowa.
Ka ɗauki 10. Talata ka je filin wasa, zagaye ɗaya mita 400 ne: zagaye 6 da sauri, tsakaninsu ka yi tafiya ta minti ɗaya da rabi. Alhamis kilomita 6 a hankali, yadda za ka iya hira. Lahadi 12, sati na gaba 13, na gaba 14. Satin tsere ka rage komai da rabi. Da haka za ka iya sauka ƙasa da awa 1.

Na Kasuwar Dole:
Maganar takalmi, a bosho za ka samu mai kyau jaka 4 zuwa 5. Ka murɗa shi kamar kana matse wanki, in ya murɗu da sauƙi ya mutu. Ka danna farin soson tsakiya da yatsa, in ya yi tamoji bai taso ba, bar shi ko da samansa na ƙyalli. Ka je da la'asar, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin.

Ɗan Birni:
Jaka 4? Wace shekara? Na gudu na gaske ba ya kasa jaka 9 ko a bosho. Na jaka 4 na yawon sallah ne.

Na Kasuwar Dole:
Kai ka je da tufafin ma'aikata shi ya sa. Ranar Alhamis da yamma, in 'yan ƙauye sun fara watsewa, ka je ka taya.

Koci na Zango:
Ko nawa ne, in za a saya a saya cikin satin nan, ya yi kilomita 30 zuwa 40 a ƙafarka kafin ranar. Sabon takalmi ranar tsere shi ke kawo bororo da baƙin farce. Baskit yana ƙarewa tsakanin kilomita 600 zuwa 800, wanda ya karkace ta dunduniya kuwa yana jan gwiwa.

Mai Tuta:
Ku bar maganar takalmi. Ka fara tambayar masu shiryawa wurin ruwa nawa ne, kuma akwai ambilas ko babu. A wani tsere da aka yi nan garin, an ce ƙarfe 7 za a tashi, aka tsaya jiran manyan baƙi har 8 da rabi. Yara sun ɗumama jiki sun huce, rana ta ɗaga. Teburin ruwa na kilomita 5 da na 10 lafiya, na 15 kuwa 'yan kallo sun kwashe ledojin tun kafin masu gudu su iso. Wani yaron kulob ɗinmu, bai kai shekara 20 ba, yana cikin na gaba-gaba, a kilomita 17 ya fara tangaɗi, gumi ya ɗauke masa, tsigar jikinsa ta tashi cikin wannan rana, ana yi masa magana yana amsa wata daban. Babu mota a bayansu. A kabu-kabu aka ɗora shi, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya, sai likita, aka sa masa ruwa leda 3. Kuɗin maganin kulob ya haɗa. Har yau ba wanda ya zo duba shi daga masu shirya abin, kuma waɗanda suka ci ma sai da suka yi wata 2 suna zirga-zirga kan kyautarsu. Yaron nan bai sake sa dosar, wato lambar mai tsere, a ƙirjinsa ba. Mahaifiyarsa ta hana, kuma wa zai ga laifinta?

Yaya Mai Koko:
Allah sarki. Allah ya ƙara masa lafiya.

Malamar Likita:
Amin. Ku riƙe wannan: in mai gudu ya rikice haka, kar a jira mota kafin a fara sanyaya shi. A kai shi inuwa, a cire riga, a yi ta kwara masa ruwa a wuya da hammata da matsematsi ana fifita. In ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai a baki. Ruwan gishiri da sukari kuwa, lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro cikin sati 2 kafin tsere ya haƙura. Tramol kuma, don Allah, kar ma a kusance shi. Yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, yana kuma iya jawo farfaɗiya.

Tsohon Soja:
Yaran yanzu komai sai cokali da agogo. A bariki da kaya a baya ake yin wannan.

Ɗan Birni:
Baba, a bariki likita ya auna ku kafin a ɗauke ku, kuma akwai mota a baya. Koci shi ke tsaye da yara a fili kullum, maganarsa za a bi.

Tsohon Soja:
Takardar koci ba ta fi shekaru ba.

Autan Kulob:
Baba ya shiga na 21 ɗin mana, mu bi shi da a-daidaita da butar shayi!

Mai Tuta:
Ni abin da ke ci mini rai shi ne hanya. Ana tare gudron ne don mutum 10 na farko, da sun wuce sai a saki kabu-kabu da manyan motoci, na baya su yi ta kauce-kauce cikin ƙura da rairayin gefe. Ai na bayan su ne suka fi yawa, su ne kuma suka gaji.

Na Kasuwar Dole:
In kokowa ce ta takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, ba za a yi haka ba. Can miliyoyi ake zubawa, nan ko fil 4 na maƙala dosar sai ka zo da naka.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai. To Koci, in na ɗauki 10 ɗin, in riƙe ledar ruwa a hannu ko in dogara da tebur? Kuma ranar Alhamis za a rufe rajista.

Ɗan Birni:
Kokowa tana da masu bin kadinta ne. Mu kulob nawa ne a garin nan, an taɓa zama wuri ɗaya an rubuta wa masu shiryawa takarda kan ruwa da tare hanya? A sa rana, ni zan kawo tabarma.