Kula da doki zai iya riƙe mini gida?

Ɗan Barga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da dawakan wani Alhaji a Zariya: yankan ciyawa, wanka, sharar barga, kilisa da yamma. Abin da nake samu a wata bai kai naira dubu 70 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba, sai abinci da ɗan ihsani ranar hawan sallah. Ga maganar aure ta taso. In ci gaba, ko in nemi Keke Napep?

Baba Mai Sirdi: Wa alaikumus salam. Yaro, maigida ya ɗauke ka ɗan gida ne, shi ya sa ba a zancen albashi, kuma haka za ka tsufa. Wanka kowa ya iya. Koyi gyaran kofato da horon sabon doki har ya karɓi linzami. Mai wannan hannun shi ke faɗin kuɗinsa, barga-barga ake aika masa.

Na Kaduna: Gaskiyar Baba ce, amma ka leƙa wajen 'yan folo, wato ƙwallon dawaki. A kulob ɗin folo na Kaduna ko na Fifth Chukker akwai dawakan da aka kawo daga Ajantina da tsadar gaske, mai su ba ya wasa da wanda ke kula masa. Lokacin gasa za ka bi su Kano, Katsina, har Legas, kyautar da ake samu a nan ba kaɗan ba ce. Sai dai kafin asuba kana tsaye, kuma doki ya yi ɗingishi kai za a fara tuhuma.

Maman Ɗalibai: Ƙanena, kana da sakamakon WAEC na kimiyya? Kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana ba da difloma, ga kuma tsangayar likitan dabbobi ta ABU a ƙofar gidanka. Da takarda ko doki ya ƙi, shanu da kaji suna nan.

Ɗan Kilisa: Kada dai wani ya ruɗe ka da sayen doki don hayar angwaye. Kasuwar ta lokaci ce, cin harawa da dusa kuwa kullum ne, ciwon ciki kuma a dare ɗaya yake kwantar da jarinka.

Ɗan Barga: Na gode ƙwarai. Anti, takardata ba ta cika ba. Baba, mai gyara mana kofato zai zo ranar Asabar, zan roƙe shi in riƙa binsa.