Neman kalmar Hausa: me za mu kira "rebond" a ƙwallon kwando?

Ƴan uwa masu kishin harshe, na kawo muku wata kalma da ta tsaya mini a rai tun ranar 24 ga Agusta 2025, lokacin da muka taru a fadarmu ta unguwar Zariya a nan Maradi muna kallon wasan ƙarshe na AfroBasket, gasar ƙwallon kwando ta maza tsakanin ƙasashen Afirka. A daren nan Angola, wadda ta karɓi baƙuncin gasar, ta doke Mali da maki 70 da 43, ta ɗauki kofinta na 12, ita kuwa Mali wannan ne karonta na farko a wasan ƙarshe tun da aka fara gasar a Alƙahira a 1962.

Mai sharhi da Faransanci yake magana, kuma kusan kowane minti sai ya ce "rebond". Wani ƙanena da ke zuba mana shayi ya ji kamar ana cewa "rabon", har ya tambaya rabon wa ake nufi. Ƴan uwanmu na Katsina da ke sauraron Turancin Ingilishi "ribawun" suke ji, ga shi Hausarmu ɗaya amma kowa da aron da ya riƙe.

Abin da kalmar ke nufi shi ne: ɗan wasa ya jefa ƙwallo, ba ta faɗa kwando ba, ta bugi zoben ƙarfe ko allon da ke bayansa ta dawo, sai wani ya riga kowa kama ta. Zoben nan yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa, saboda haka galibi a sama ake wannan kamun, bayan an yi turereniya a ƙarƙashin kwando kowa yana tare abokin hamayya da bayansa. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, idan masu tsaro suka kama, suna da sakan 24 su kai nasu harin. Idan kuwa masu hari suka sake kamawa bayan ƙwallo ta taɓa zobe, sakan 14 kaɗai ake ba su. Abin da ake ƙirgawa ga kowane ɗan wasa kamar yadda ake ƙirga maki ya cancanci suna nasa na kansa.

"Rabo" ta yi daɗin kunne, amma ban yarda da ita ba. Bahaushe yana cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, wato rabo abu ne da ke iske mai shi inda yake. Wannan kuwa sai an tashi an bi shi, da ƙarfin ƙafa da iya karanta inda ƙwallo za ta sauka. Idan muka koya wa yara "rabo", mun koya musu cewa sa'a ce, alhali aiki ne da ake horo a kansa. "Tsintuwa" ma nan ta faɗi. "Wawaso" tana nuna rashin tsari, "dawowa" kuma ta ƙwallo ce, ba ta faɗi abin da ɗan wasa ya yi ba.

Ni "cafka" na zaɓa. Mai cafka yana kama abu da sauri, da hannu biyu ko ɗaya, kafin ya kuɓuce, kuma duk wanda ya ga yara suna carafke ya san wannan motsin. Tana ƙirguwa ba tare da nauyin baki ba: ya yi cafka goma. Tana kuma rabuwa gida biyu yadda wasan yake so, cafkar tsaro da cafkar hari.

Na kai maganar ga wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya daɗe yana koyar da Hausa. Ya ce, "Ɗana, ai wanda aka miƙa wa ƙwallo shi ma cafkewa yake yi, to ina bambancin?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba, amma muna da kalmomin da za su raba aikin: wanda abokinsa ya jefo wa ya karɓa, wanda ya fizge daga hannun abokin hamayya ya ƙwace, sai mu keɓe cafka ga abin da kwando ya ƙi." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya amince, da sharaɗin a riƙa cewa "cafkar kwando" a farkon labari domin wanda bai san wasan ba, daga baya a taƙaita.

A kan wannan na tsaya. Ina roƙon masu karanta labarin wasanni a gidajen rediyonmu da masu horar da yara a filayen makarantu su gwada ta a bakinsu kafin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon kwando da za a yi a Katar a 2027. Wanda ya san wata kalma da ake amfani da ita a Damagaram, Tawa ko Kano wadda ta fi wannan dacewa, ya kawo ta tare da jumlar da ya ji an faɗe ta a ciki.