Me za mu kira “settlement” da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma. Jiya ƙanwata ta sayo jakar hannu a gwanjo, sai ga wata 'yar takarda a ciki, da alamar rawaya mai kusurwa uku, tana gargaɗin cewa kayan na ɗauke da gubar dalma. Asalin wannan takarda dokar jihar Kalifoniya ce ta Amurka, wadda masu zaɓe suka amince da ita a 1986, ana ce mata Proposition 65. Kamfanin da ya sayar da irin wannan kaya a jihar ba gargaɗi, ana iya cin sa tarar da ta kai dala 2,500 a kowace rana.

Kowa ma na iya shigar da ƙara, bayan ya ba da sanarwar kwana 60. Amma yawancin ƙararrakin ba sa kai wa ga hukunci. Kamfani ya biya kuɗi, ya yi alkawarin cire sinadarin ko manna gargaɗi, a rufe magana, galibi ba tare da ya amsa laifi ba. Wannan ne “settlement”. To me za mu ce masa?

Wani malamina ya ce “diyya”. Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Diyya ta wanda aka cuta ce, a nan kuwa mai jakar ba ta ganin ko kwabo. Kashi 75 cikin 100 na tarar, hukumar jihar ke ɗauka, mai ƙara ya ɗauki 25, lauyoyi kuma kuɗinsu daban, sau da yawa ma shi ya fi tsoka. In muka rubuta diyya, mai karatu zai ɗauka an share wa masu saye hawaye.

“Tara” ita kaɗai ta yi kaɗan, ɓangare ce kawai. “Sulhu” na so shi, sai dai kunnena na jin ana maganar dattawa sun zaunar da 'yan uwa, zukata sun huce. Akwai wadda ta kawo “kuɗin kashe magana”. Ya kama ma'anar, amma yana warin cin hanci, alhali wasu daga cikin yarjejeniyoyin nan alƙali ne ke sa musu hannu.

Ni dai na tsaya kan “sasancin ƙara”, kuɗin kuma “kuɗin sasanci”. Kamar a ce: kamfanin ya yi sasancin ƙara, zai cire dalma daga jakunkunansa. Lauyoyinmu na Kano da Zariya, da 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ya kuke faɗarsa a kotunanku?