Abin da aka tsayar kan gidan kansul da haya a Ingila

Jama'a ga abin da na tattaro daga tattaunawar da aka yi kan haya da gidan kansul, wato gidan haya na ƙaramar hukuma.

1. Kowa ya yarda a fara duba biza, in ta hana cin kuɗin gwamnati don Allah kar a nemi tallafin haya, yana ɓata takardu.
2. In mai gida ya ba ka notis na tashi, je kansul tun saura kwana 56 ka bar gidan, kar ka jira sai akwatuna na bakin ƙofa.
3. Masu gida: kuɗin ajiya kar ya wuce hayar sati 5, kuma a duba gas duk shekara.

Inda aka rabu shi ne layin gidan kansul, wasu sun ce a yi rajista a jure ko shekara nawa ne, wasu suka ce da yara a ɗaki ɗaya gara haya kawai.